Shekarar da Baba Ya Ce In Dube Shi

Har yau in na je ƙauyenmu, tsofaffin da suka rage ba sa ce mini Alhaji, ba sa ce mini Malam, sai Hamisu Tsaye. Kwanan baya na ji 'yata Binta tana gaya wa 'ya'yanta wai saboda gaskiyata aka sa mini sunan, wai don ban taɓa tauye wa manomi awo ba. Na gode mata da kyakkyawan zato, amma ba haka ba ne. Sunan nan zagi ne, shekaru ne kawai suka dakushe shi. Tunda ƙarfi ya tafi, ido ma ya fara sallama, gara in rubuta muku yadda abin ya faru kafin ku gina mini gidan da ban taɓa kwana a ciki ba. Ɗana Sani kuma ya sha tambayata kamannin kakansa, tunda bai bar hoto ba. Shi ma ya yi haƙuri, amsarsa tana cikin labarin nan.

Ni ne ɗan fari a wurin Baba, Malam Audu, manomin auduga da dawa a wani ƙauye gabas da Kafur. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan magana ba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena, "A kira mini yaron nan." In muna tare, "kai" ne sunana. Ni kuma in na zo gaishe shi tun daga nesa nake cire takalmi in tsuguna, kaina a ƙasa, har ya sallame ni. Na san muryarsa, na san tarinsa, na san kaushin ƙafarsa da tabon fartanya a babban yatsansa. Fuskarsa kuwa sai dai daga nesa, ko a sace. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka taras ana yi, kuma ba mu ga wani abin gyara a ciki ba.

Amma wannan mutum mai kunya shi ne ya yi abin da ba wanda ya yi a ƙauyen. Shekarar da aka zo ɗibar yara makaranta, ana ɓoye 'ya'ya a cikin rumbu da gonar dawa, shi da ƙafarsa ya kai ni wurin dagaci. Wansa, Baffa Idi, bai yafe masa ba. A zaure, a gaban mutane, ya ce masa:

"Audu, boko in ta shiga yaro kunya ce ke fara fita. Ina nan, kana nan."

Shekara bakwai maganar nan tana rataye a zaurenmu tana jira. Saboda haka da na gama makaranta a Malumfashi, shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai, ban kuma sami wucewa gaba ba, abin da ke gabana ba yunwa ba ce. Gidanmu akwai hatsi. Mutuncin Baba ne ke hannuna. In na sami aiki ya yi gaskiya, in na dawo kan fartanya da takarda a aljihu Baffa Idi ya yi gaskiya.

Neman aiki shi ma aiki ne, sai dai ba a biyan mai yinsa. Na rubuta takardun neman aiki har yatsana ya yi kanta. In tafi Kafur a ƙasa, in jira motar kaya zuwa Funtua, in sauka a zauren wani dillalin hatsi da ya san Baba, da safe in bi ƙofofin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya. Wani wuri maigadi zai karɓi takardar, wani wuri ko kallona ba zai yi ba. Farar riga ɗaya gare ni. Inna ke wanke ta ta sa mata bula, in kai wa tela ya goge mini da dutsen guga na gawayi, kafin in sauka daga mota ta koma kalar jar ƙasa. In na dawo ba mai tambayata yadda aka yi, tafiyata ma ta ba da labari. Inna sai ta turo mini ƙwaryar fura ta ce kowa da ranarsa. Baffa Idi kuwa ba ya zagi, gaisuwa yake yi:

"A'a, malam akawu, an dawo? Ya ofis?"

Sau biyu aka kira ni intabiyu a Funtua, duk a kan aikin malamin sikeli, mai auna audugar manoma a kasuwar kaka. Na farko shi ne ba na mantawa. Na haddace lissafi, na haddace Turancin gaisuwa, na ari takalmin malaminmu. Da aka kira ni na tsaya a bakin ƙofa na cire takalmin nan da na sha wahalar aro, na shiga na tsuguna a gefen tebur. Bature ne a zaune, da babban akawunsa, mutumin kudu. Aka nuna mini kujera na ƙi, aka sake nunawa na ƙi, don a saninmu tayin manya ba a karɓarsa da gaggawa. Duk tambayar da aka yi mini, siminti na ba amsa. Da Baturen ya ce me na iya, sai na ce ban iya komai ba sai abin da za a koya mini, tunda an ce yabon kai jahilci. Ko minti biyar ban yi ba aka sallame ni. Akawun nan, Allah ya saka masa, ya biyo ni waje ya ce mini da Hausarsa ta kasuwa:

"Yaro, takardarka ta fi ta kowa. Amma maigida ya ce mai ɓoye ido ba a ba shi sikeli. Wai kamar ka saci wani abu."

Karo na biyu, bayan shekara guda, na zauna a kujerar, amma a bakin-bakinta, kamar mai jiran a ce tashi. Idon dai ya ƙi ɗaguwa. Nan ma aka ce za a neme ni. Har yau ana nemana.

A wannan dawowar ce na kasa riƙe abin a ciki, na gaya wa Inna maganar akawun, ita kuma ta kai wa Baba. Bayan kwana biyu Baba ya ce in biyo shi, muka tsallake rafi zuwa unguwar Maguzawa, gidan Kofur Nomau. Shi wannan tsohon soja ne, ya yi yaƙi a ƙasashen waje, ya dawo ya yi wa Turawa masinja shekara da shekaru kafin ya koma noma. Shi da Baba maƙwabtan gona ne, suna yi wa juna gayya, kowa da addininsa. Muka same shi yana gyaran ƙotar garma, ya ji bayani, ya yi dariya har da tari.

"Audu, laifinka ne. Ka ba yaro tarbiyyar zaure ka tura shi ofis. Bature in ka tsuguna masa gani yake ciwon ciki gare ka. Ka shiga da takalminka, ƙirji a gaba, ka miƙa masa hannu, ka kafa masa ido kamar kana binsa bashi. In ya ce mi ka iya, ka ce komi."

"To, koya masa," in ji Baba.

"Ni? Ni ai kowa na iya kallona, ko akuya. Wanda ya iya kallon idonka, Audu, shi ya gama da Bature."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya daɗe yana wasa da wani tsinke a ƙasa, sannan ya ce gobe a gona.

Ƙarshen damina ne, an gama huɗa, dawa ta fara fitar da kai, aiki ya ɗan yi sauƙi. A can ƙarshen gonarmu akwai wata ɗorawa inda ba mai wucewa. Nan ne ofishinmu. Da hantsi Baba zai zauna a kan kututture, yana miƙe ƙafar dama saboda ciwon gwiwar da ya daɗe yana fama da shi, Kofur Nomau ya ja layi a ƙasa da sandarsa ya ce nan ce ƙofa. Ni kuma in sa takalmi in taho. Ranar farko ina isa layin gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu. Kofur ya ɗaga ni da ƙeya. Na sake tahowa, na tsaya, amma kaina ya yi nauyi kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Sai na ji muryar Baba, a hankali:

"Kai. Dube ni."

Na ɗaga ido na kai gemunsa, na dawo. Na sake, na kai hanci. Da na kai ido sai na taras shi ma gefe yake kallo. Kofur ya buga sanda a ƙasa ya ce wannan wane irin Bature ne mai kunyar yaro, a sake. Ashe wahalar ba tawa ba ce ni kaɗai. Mun yi mako guda kafin mu iya haɗa ido na tsawon numfashi uku, muna gamawa kowa ya juya baya yana share zufa kamar mun yi noman rani. Wata rana Inna ta kawo fura ta same mu hannuna cikin na Baba. Ta ajiye ƙwaryar ta juya, ba ta taɓa ɗaga maganar ba har ta koma ga Allah.

Yabon kai ya fi kallon wuya. Baba ba ya jin Turanci, da Hausa yake tambayoyin da Kofur ya koya masa. In ya ce, "Mi ka iya?" sai in fara inda-inda. Ran nan ya gaji ya ce mini ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in faɗa ko ya tashi. Na faɗa. Na iya lissafi, na iya rubutu mai kyau, na san auduga mai daraja ta ɗaya da ta biyu tun ina goye, ba na sata, ba na makara. Ina faɗa ina kallonsa, na ga wani abu ya motsa a fuskarsa ya ɓace. Kwana arba'in muka yi a haka, na ƙidaya. A ƙarshe na iya shiga kamar soja. Kofur ya ce ko gwamna ne yanzu sai ya ba ni kujera.

Ana cikin haka takarda ta zo ta hannun malaminmu. Wani kamfanin sayen auduga da gyaɗa a Malumfashi yana kirana intabiyu. An buga ta da keken rubutu, da Turanci, da hatimi. Mu ukun ba wanda ya yi tunanin tambayar wa ke da kamfanin. Takarda da Turanci ai Bature ne, haka muka yanke. Rashin sani ya fi dare duhu. Zamani ya juya, 'yan ƙasa sun fara karɓar irin wannan ciniki, mu muna can ƙarƙashin ɗorawa muna shirya wa mutanen da suka fara ɗaure kaya.

Ranar, mun kai mu goma sha a kan benci. Ana kiran mutum sai ya cire takalmi ya shiga. Na dubi takalman nan jere a bakin ƙofa, wallahi har tausayinsu na ji, na ce a raina ga waɗanda ba su da Kofur Nomau. Aka kira ni. Na taka da ƙarfi, na ɗaga labule na shiga. Wani Alhaji ne a bayan teburin, da babbar riga da rawani, carbi a hannu, dattawa biyu a gefensa a kan darduma. Gwiwoyina suka gane shi tun kafin kaina ya gane, suka nemi ƙasa. Amma kwana arba'in ba wasa ba ne, kuma muryar da ke kunnena ta Baba ce. Na tsaya ƙyam, na kafa masa ido, na miƙa masa hannu.

Ya dubi hannun ya daɗe. Bai karɓa ba. Ya dubi takalmina a kan shimfiɗarsa.

"Ɗan wa ne kai?"

Na faɗi sunan Baba gatsau, da ƙauyenmu.

"Malam Audu mai farar auduga? Allah sarki. To, mi ka iya?"

Da ina da hankali da nan na tsaya. Amma abin da aka haddace ba ya jin birki. Na zuba masa duka, har da ba na makara. Ɗaya daga dattawan ya sa hannun riga ya rufe baki.

"Ka iya da yawa," in ji Alhajin. "Saura gaisuwa. Je ka, Tsaye, in ka koyo ka dawo."

Labule ba ya tare magana, duk na kan benci sun ji. Ranar kasuwa ce kuma, labari ya riga ni isa gida. Na taras da zaurenmu cike bayan la'asar, Baffa Idi a tsakiya. Wannan karon bai ce ya ofis ba. Ko kallona bai yi ba, ƙaninsa ya fuskanta.

"Audu, na gaya maka ko ban gaya maka ba? Yau ɗanka ya taka shimfiɗar dattijo da takalmi, ya ba shi hannu kamar sa'ansa. Gobe kai zai ba."

Ba wanda ya san maganar ɗorawa sai mu huɗu. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni, amma faɗinta tonon asirin Baba ne, shi ya sa na tsuguna na yi shiru. Na shiga gida na ninke farar rigar na sa a ƙasan akwati. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. In na tsuguna a ce ɓarawo, in na tsaya a ce marar kunya, to ina ake so in sa kaina? Na gaya wa Inna na haƙura da aikin takarda, gobe zan bi ƙannena yankan dawa. Ta ce to. Na yi kwana shida ina yanka, yara suna bina daga nesa suna kiran Tsaye.

A rana ta bakwai, da sassafe, Baba ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Kai, sa rigar nan." Muka kama hanyar Malumfashi a ƙasa, yana gaba yana jan ƙafar dama, ina baya. Bai gaya mini inda za mu ba, ban tambaya ba. Ba ofis ya nufa ba, gidan Alhajin ya nufa, a lokacin da zaure ke cike da dillalai da masu gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga bakin titi. Ya girmi Alhajin nan da shekaru, kowa a wurin ya sani. Amma ya shiga ya tsuguna a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, na ji ƙarar da ta yi. Bayan gaisuwa ya nuna ni da hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Alhaji, wannan ɗana ne. Ɗana na fari, Hamisu."

Ni kuwa sai da na dafa ƙasa. Shekarata goma sha tara, ranar na fara jin sunana a bakinsa, kuma ban sake ji ba.

"Abin da ya yi maka ba halinsa ba ne. Ni na koya masa. Kwana arba'in ina zaunawa a kan kututture a matsayin Bature, ina sa shi ya dube ni ya ba ni hannu. Mun zaci Bature zai taras. In akwai marar kunya, ga shi a gabanka."

Alhajin ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ya kasa.

"Malam Audu, kai ne Baturen?"

Dariya ta ɓarke, har na waje suna leƙowa a ba su labari. Baba yana tsugune, kansa a ƙasa, ya bar su suka gama. Da Alhajin ya share hawaye ya ce a tashi dattijo, wannan ai ɗaukar alhaki ne. Sannan ya ce sikeli an riga an ba wani, amma akwai buga lamba a buhu, in zo ranar Asabar.

"Don kai, Malam Audu. Ba don shi ba."

Da Baba ya zo tashi gwiwar ta ƙi. Sai da mutum biyu suka kama shi.

To, kun ji yadda na sami aiki. Ba takardata ba ce, ba wayona ba ne. Shekara uku ina shafa baƙin fenti a buhu kafin a ba ni sikeli, daga nan ne sauran abin da kuka sani ya biyo baya, har gidan nan da aka haife ku a ciki. Baffa Idi bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma in an bi ta wani gefen bai yi ba. Ni na tashi da Tsaye, Baba kuwa ya tashi da Audu Bature. Mutumin da a da in ya doso zaure ake gyara zama, ya koma in ya wuce yara su ƙame su sara masa. Da sunan nan aka yi masa jana'iza. Na sha ganin jikokina suna shirin intabiyu a gaban madubi, ba na hana su. Abin da nake ce musu kawai, in sun isa su dubi bakin ƙofa tukuna, su ga ko akwai takalma.

A hanyarmu ta komawa ranar, mun zauna a gindin wata tsamiya don ƙafarsa ta huta. Na saba, sai na ɗaga kai na dube shi, ina neman abin da zan ce. Ya bar ni na ɗan lokaci. Sannan ya kawar da fuska ya ce:

"Kai, wasan nan ya ƙare."

Na sunkuyar da kai. Ya yi shekara shida bayan nan, ban sake kallon idonsa ba, shi ma bai nema ba.

Saboda haka, Sani, ga kakanka. Baƙi ne, doguwar fuska, da tsage uku-uku a gefen baki waɗanda tsufa ya kusa shafewa. Gemunsa ya fi yawa a haɓa, furfurar ta fara daga hagu. A farin idonsa na dama akwai wani ɗan jan ɗigo kamar ƙwayar gero. In dariya ta zo masa yana so ya hana ta, girarsa ta hagu ce ke fara ɗagawa, irin yadda taka ke yi. Ranar da na ce masa ba na sata, ba na makara, ta ɗaga. Kwana arba'in kawai na gan shi a duniya, amma na gan shi da kyau.